Birkin Motar Yaya

Shekarar da idon Yaya ya tafi gaba ɗaya, a shekarar na zama direbansa ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Ni ne ƙaninsa da ke zaune a Kazaure, na yi ritaya daga aikin malamin gona, 'ya'yansa maza kuma duk suna Kano da Kaduna wajen neman abinci. Wata safiya matarsa, wadda muke kira Hajiya, ta miƙo mini makulli ta ce, “Yayanka ya ce ka zo ka tashi motar, kada batir ya mutu.” Daga tashin mota sai zagaya unguwa, daga zagaya unguwa sai ga ni a kan titi kowane mako.

Motar ta girmi duk 'ya'yansa. Tuƙi ya yi wa ƙaramar hukuma tun yana saurayi, kuma a wajen aikin ya saye ta lokacin da aka yi gwanjon tsofaffin motoci. Ruwan toka ce, giyarta a jikin sitiyari, kujerar gaba doguwa kamar benci. Birkinta irin na da ne. Kowace ƙafa tana da wani kwanon ƙarfe da makanikai ke kira duram, a cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa. In ka taka birki, mai ya tura su, su buɗe su kama kwanon ta ciki. Duk wannan daga baya na san shi. A lokacin abin da na sani kawai shi ne in na taka ta tsaya.

Inda muke zuwa ɗaya ne. Muna da goggo, ƙanwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage mana a cikin manya, tana wani ƙauye gaba da Roni ta ɓangaren Gwiwa. Mukan kai mata magani da ɗan abin masarufi, Yaya ya zauna kusa da ita su yi ta lissafa mutanen da suka rasu. Ni kuma in zaga gona in dawo in jira su.

A ƙarshen rani abin ya fara. Mun wuce Roni, muna sauka wata gangara tsakanin duwatsu, sai ga shanu sun ɓullo suna tsallaka titi. Ban ma yi gudu ba. Na taka birki kamar yadda na saba, sai na ji sitiyari ya fizge a hannuna, motar ta yi hagu da kanta, ta tsallaka hannun masu tahowa. Da ƙyar na riƙe ta. Muka tsaya hancin motar na kusa da taɓa cikin wata farar saniya. Dattijon da ke kora su ya ɗaga sanda ya dube ni, ya ci gaba da kora dabbobinsa. Da ya zage ni ma da na fi jin daɗi.

Yaya ya dafe gaban mota da hannu biyu. Ya ce, “Me ka yi?”

“Birki na taka, Yaya.”

“To me ya kai ka hagu?”

“Ita ta kai kanta.”

Ya ce, “Motar nan ba ta taɓa ja ba a hannuna.”

Na ƙarasa ƙauyen a giya ta biyu.

Da muka dawo, hukuncin farko da Yaya ya yanke shi ne iskar taya ce. Muka je wajen mai faci ya auna tayoyin gaba, ya ƙara wa ta hagu kaɗan. Na gwada a kan hanyar dam, ta sake ja. Yaya ya ce to takalman ne suka yi nisa da kwano a gefe ɗaya, sai an ɗaure su. Ya hana a kira makanike. A ganinsa aikin da ya yi shekara da shekaru yana yi da hannunsa ba zai kai shi gareji ba. Saboda haka ni na zama hannun nasa. Muka ɗaga motar da jak a ƙofar gidansa, ya zauna a kujerar roba kusa da tayar, ni kuma na kwanta a kan buhu ina laluben wani ɗan ƙarfe a bayan kwanon.

“Juya shi har tayar ta ƙi motsi,” in ji shi. “Sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan.”

Shi yake juya tayar da tafin hannunsa, ya karkata kai yana sauraren gogarta. Sai ya ce in ƙara, sai ya ce na yi yawa. Muka gama hagu muka koma dama, muka yi na baya. Gwiwoyina dama ba lafiya gare su ba. Da na tashi daga ƙarƙashin motar sai da na dafa bango na daɗe a tsaye. Ran nan motar ta tsaya daidai, Yaya ya yi ta murna, har ya sa Hajiya ta dama mana fura. Kafin mako ya zagayo ta koma ja.

Daga nan ya yarda muka je gareji, amma wajen mutum ɗaya tak. Wani dattijo ne mutumin Filato, Kirista, wanda ya zo Kazaure tun yana matashi ya tsufa a nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Sun san juna da Yaya tun zamanin aiki. Yaya na ce masa Oga, shi kuma yana ce wa Yaya Alhaji. Garejin nasa rumfar kwano ce a bayan tasha, kuma yanzu babura sun fi motoci yawa a wajen. Oga ya cire tayar dama ta gaba, ya bubbuga kwanon da guduma har ya fita. Ciki ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf.

“Alhaji, kawo hannunka,” in ji shi. Ya kama yatsun Yaya ya shafa a kan takalmin.

Yaya ya murza yatsu ya shinshina. “Man birki ne.”

“Shi ne. Robar da ke riƙe man ta mutu, yana zuba a kan takalmi. Wannan gefen santsi yake yi, ɗaya gefen ne kaɗai ke kamawa. Dole ta ja ku can.”

Na ji sanyi a raina, don a zatona an gama. Aka canza robar. Sai maganar takalman da suka sha mai. Oga ya ce a jefar da su. Yaya ya ce a zamaninsu wankewa suke yi da fetur a shanya a rana a goge da samfefa. Suka yi ta ja-in-ja cikin raha, ni ina tsugune a gefe ina kallon agogon masallaci. A ƙarshe Oga ya ɗaga kafaɗa ya yi yadda Yaya ke so. Ta yi mana tafiya ɗaya lafiya. A ta biyu, da kwanon ya ɗumama, man da ya shige cikin takalmin ya sake tsattsafowa, muka koma inda muka fito.

Sabon takalmi irin nata ya yi wuya. Masu sayar da kayan mota a Kazaure, yawancinsu da na faɗi irin motar sai su yi dariya su ce ko kakansu ne ya aiko ni. Da ƙyar wani ya tono na ƙafa ɗaya a ƙasan shagonsa, kwalin duk gara ta ci. Oga ya ce shi bai so a sa gefe ɗaya ba, amma babu wani, kuma Goggo ta aiko cewa maganinta ya ƙare. Aka sa a dama. Da na taka birki a bakin tasha sai motar ta yi dama, kamar za ta shiga rumfar mai shayi. Sabon ya fi tsohon kamu, shi ke nan jan ya sauya gefe.

A wannan tsakanin damina ta sauka. Na koyi tuƙa mota mai ja. Tun daga nesa nake fara rage giya, in riƙe sitiyari da ƙarfi, in karkata shi kaɗan kafin in taka. In na hango akuya a gefen titi gabana ya faɗi. In muka dawo gida kafaɗuna kamar na yini ina huɗa. Matata ta ce in gaya wa Yaya a ajiye motar mu riƙa shiga ta haya. Na ce to. Amma duk ranar da na je da niyyar faɗa, sai in tarar har ya yi wanka ya sa babbar riga, yana tsaye jikin motar yana shafa ta da tsumma, yana bin ta da hannu daga fitila zuwa fitila. Babu abin da ya rage masa na fita sai wannan. Sai in haɗiye maganar in ce, “Yaya, an tashi lafiya?”

Wani direban haya ne ya ce mu gwada Babura ranar kasuwa, wai akwai mai kawo kayan tsofaffin motoci daga tsallaken iyaka, inda irinta ba su gama mutuwa ba. Na ce zan je ni kaɗai a bas. Yaya ya ce ba zan gane mai kyau ba. Haka muka tafi da motar, a hankali, masu babura ɗauke da buhuna suna wuce mu suna waiwaye. Mutumin yana can ƙarshen kasuwa bayan 'yan hatsi, ya baza ƙarafa a kan leda. Ya zazzage wani buhu, takalman birki suka zubo iri-iri. Yaya ya tsuguna a cikin laka da babbar rigarsa yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su da tsohon da muka zo da shi, baki da baki, rami da rami. Rana ta take, ga ƙudaje, ga wari daga kara, inda ake sayar da dabbobi. Na ce masa ya bari in duba da ido, ya ce in dai riƙe masa sandarsa. Bayan azahar ya ware guda huɗu iri ɗaya.

A hanyar dawowa, wajen Kanya Babba, ruwa ya tsuge. Abin share gilashin motar guda ɗaya ne ke aiki, shi ma na gefen Yaya. Na sauka gefen titi muka jira. Muna zaune ruwa na dukan rufin, sai ya ce, “Da ina gani, da tuni na gama da ita.” Ba da faɗa ya faɗa ba. Na ɓare gyaɗar da muka saya na zuba masa a hannu.

Oga ya sa sababbin takalman hagu da dama, ya goge cikin kwanukan, ya ɗaure su daidai. Mu uku muka fita gwaji. Na taka. Ta ja hagu. Ba kamar da ba, amma ta ja. Abin da ya fi ɗaure mana kai, da na saki birkin na ci gaba da tafiya, sai na ji tana rinjaya dama a hankali, kamar wani ya riƙe mata ƙafa. Na tsaya a gefen titi na kashe ta. Ni dai a raina na riga na sallama. Na ce ko dai ƙashin motar ne ya karkace don tsufa, mu haƙura.

Yaya ya buɗe ƙofa ya fita, yana dafa jikin motar har ya kai tayar hagu, ya sunkuya ya sa hannu ta tsakanin ramukan ƙarfen. Ya zagaya ta gaba ya je dama ya yi haka, sai ya janye hannu da sauri yana yarfewa.

“Oga, wannan ta yi zafi. Waccan kuwa babu zafi.”

Oga ya taɓa shi ma, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, “Gefen da ba ya kamawa shi ne kuma ya yi zafi? To yana kamawa ke nan, a makare, kuma ba ya saki.” Ya ce mu koma gareji, akwai abin da bai duba ba, kuma ya kamata a ce ya duba tun farko.

Ya ɗaga gaban motar, ya ce in taka birki da ƙarfi in saki. Tayar hagu ta juya sakayau. Ta dama ta ƙi, sai da ya sa hannu biyu. Ya ɗauko ƙaramar sifana ya sassauta wani ɗan noti a bayan kwanon, mai ya yi tsartuwa, nan take tayar ta saki. Ya bi wani baƙin tiyon roba da ke kawo mai zuwa ƙafar, ya kwance shi. A ido lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu. Ya sa a baki ya busa, kumatunsa suka kumbura, iska ba ta fita ba. Ya yanka shi da wuƙa ya nuna mini. Cikin ya kumbura ya haɗe, ramin da ya rage ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba.

“Ka gani, Malam? In ka taka, man na wucewa da ƙyar, shi ya sa hagu ke riga shi kamawa. In ka saki, ba ya iya komawa.”

Ya sa guntun a hannun Yaya. Yaya ya daɗe yana murza shi. Ya ce, “Tun da na saye ta ban taɓa canza shi ba.”

“Ni ma ban taɓa ce maka ka canza ba,” in ji Oga.

Tiyon bai yi wuyar samu ba, na wata motar ya yi daidai. Aka canza na hagu da na dama gaba ɗaya. Saura fitar da iskar da ta shiga cikin man, aikin da ke son mutum ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan birki, ɗaya yana ƙara mai kada ya ƙare. Na nufi kujerar direba, sai Oga ya ce, “Malam, kai riƙe gwangwanin man. Alhaji, shiga ka taka mana. Wannan ba ya son ido.”

Yaya ya miƙo mini sandarsa, ya laluba ƙofar ya shiga. Rabonsa da wannan kujera tun kafin a yi masa aikin idon da bai yi nasara ba. Ya gyara zama, ya tattare rigarsa, hannunsa ya tafi kan madubi ya gyara shi kafin ya tuna. Oga daga ƙarƙashi yana cewa, “Taka. Taka. Riƙe.” Sai ya ce, “Saki.” Yaya na amsawa, “Na riƙe. Na saki.” Haka suka bi ƙafafun nan huɗu. Ina tsaye a gaban mota ina tsiyaya mai, ina hango shi ta gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, fuskarsa na kallon titin da babu shi. Can ya ce, “Ya yi tauri. Ya dawo yadda na san shi.”

Muka fita hanyar dam da la'asar. Na ɗan ba ta wuta, na sassauta riƙon sitiyari, na taka. Ta tsaya tsam, hancinta a miƙe. Na sake, ta sake tsayawa. Oga ya buga tafi daga baya. Ni kuwa, abin mamaki, ban ji murnar da na yi zato ba. Gajiyar watannin nan ce ta sauko mini gaba ɗaya, har na ji ba zan iya ɗaga ƙafata daga kan birkin ba.

Bayan mun sauke Oga, na tsaya a ƙofar gidan Yaya ban kashe motar ba. Na ce, “Yaya, ina da magana.”

“Ina ji.”

“Na gaji. Ba motar kaɗai ba. Jikina ba ya ɗaukar tafiyar nan kowane mako.”

Har na fara da-na-sanin faɗa. Sannan ya ce, “Ai ina jin numfashinka in muna hawa gangaren Roni. Na ɗauka in birkin ya gyaru za ka huta.” Ya laluba hannun ƙofa. “Mu mai da shi wata-wata. Maganin Goggo a riƙa ba direbobin Gwiwa su sauke mata.”

Ya fita, na zagaya na ba shi sandarsa, na raka shi har zaure. Hajiya ta leƙo ta tambaya ko an dace. Ya ce mata an dace, ya wuce ciki.

Haka muke yi har yanzu. Goggo ta yi ƙorafi da farko, daga baya ta saba. Sauran makonnin nakan je da hantsi in tashi motar ta ɗan yi zafi, mu zauna a benci ni da shi muna jin rediyo. Tafiyarmu ta bayan nan, muna dawowa an fara yankan gero, ya ɗaga yatsa ya ce in rage gudu, wai yana jin wani ƙara a ƙafar baya, kamar boris ɗin da tayar ke juyawa a kansa ya fara ci. Na ce masa ni ban ji ba. Ya ce in saurara da kyau. Na saurara, kuma akwai ƙaran. Na ce to, sai wani makon, in Allah ya kai mu, ma leƙa wajen Oga.